Na Kulle Ƙofa Don In Rubuta Jarrabawa, Sai Aka Ɓalle Ta

Gwaggo mai filin shawara,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, ni mutum ne da ba na iya ba da labari in tsallake wani abu. Yau Asabar, sha ɗaya ga watan Mayu, ƙarfe goma saura kwata na safe. Ina zaune a bakin gadona da kwamfuta a cinya, a ɗakin da tun ranar Laraba ba shi da ƙofa. Ƙyauren yana jingine da bango a tsakar gida, an rataya mini zanen gado a madadinsa.

Bara na gama digirin farko a injiniyancin lantarki, na samu aiki a wani kamfani da ke ɗura ruwan sha a kwalabe. Ni ne ƙarami a sashenmu. Layinmu yana da injina huɗu a jere: mai wanke kwalba, mai ɗurawa, mai sa murfi, da mai manna takarda. Kowanne in aka gwada shi shi kaɗai lafiyarsa ƙalau, amma da an haɗa su sai layin ya riƙa cijewa. Da abin ya ishi shugabanni sai suka ɗauko wata injiniya daga waje. Kwana biyu ta yi tana tsaye tana kallo, ko sifana ba ta taɓa ba, har ma'aikata suka fara ƙus-ƙus wai an biya kuɗin kallo. A rana ta uku ta ce a rage gudun injin ɗurawa, a kuma canza lokacin da masu aikin safe ke miƙa wa na rana. Shi ke nan, layi ya miƙe. Na bi ta har bakin mota na tambaye ta abin da ta karanta. Ta ce injiniyancin tsari, wato sanin yadda ake haɗa injina da manhaja da mutane su yi aiki tare kamar abu guda. Tun ranar na san abin da nake so in yi digiri na biyu a kai.

Ba zan iya ajiye aiki in tafi makaranta ba, don haka na shiga neman inda ake yin karatun ta intanet. Gwaggo, na sha kallo. Wasu kuɗinsu sai mutum ya haɗa albashin shekaru. Wasu sukan rubuta farashi ɗan kaɗan a shafin farko, sai ka shiga ciki ka tarar da kuɗin laburare, da kuɗin manhaja, da kuɗin bikin yaye ɗalibai da ba za ka halarta ba. Wata makarantar ma ta taya ni murnar samun gurbi tun kafin in tura mata takarduna, na rufe shafinta da sauri. Daga ƙarshe biyu suka rage. Ta farko ba ta yin jarrabawa, da rubuce-rubuce da aikin gwaji take auna ɗalibi, amma kuɗinta zai cinye albashina kusan gaba ɗaya har in gama. Ta biyu kwas-kwas ake biya, tana kuma yi wa sabbin masu digiri rangwame, wanda da shi abin zai tsaya a kashi ɗaya cikin uku na albashina. Wannan zan iya. Sharaɗinta shi ne sai na ci jarrabawar shiga ta lissafi, ta awa uku. Kuma duk jarrabawarta a gida ake rubutawa, a gaban kyamarar kwamfuta, wani mai sa ido yana kallonka daga can inda yake.

Dokokin a fili suke, sau uku na karanta su. Ɗaki ya kasance a rufe. Kada kowa ya shigo. Kada ka yi magana da kowa, kada ka tashi, kada ka kawar da kai daga allon kwamfuta.

Yanzu bari in gaya miki yadda gidanmu yake. Akwai Baba da Umma, da ƙanwata mai karatun jinya, da Kaka, mahaifiyar Baba. Sai Kawu, ƙanin Umma, kafinta ne, shagonsa a jikin katangarmu yake. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an kulle ƙofar ɗaki da rana a gidan nan ba. Kaka kuwa, da maigidana take kirana, ɗakina kuma wai ɗakin mijinta ne, saboda haka ba ta ga dalilin yin sallama sau biyu ba.

Ban gaya wa kowa zan yi jarrabawa ba. Dalilina shi ne magana ba ta kwana a gidanmu. Da na faɗa da safe, kafin la'asar maƙwabta sun fara kirana Dakta. Yanzu ma da ake ce mini Injiniya, duk dutsen guga da rediyon unguwa da ya mutu ɗakina ake kawo shi. Na ce a raina, in na ci sai in faɗa, in kuma na faɗi ba wanda zai zo yi mini jaje.

Na ɗauki hutun ranar Laraba. Na zaɓi ƙarfe sha ɗaya na safe saboda lokacin Baba yana wajen aiki, Umma takan je kasuwa, ƙanwata tana makaranta, Kaka kuma takan ɗan kishingiɗa. Na yi cajin komai, na sayi data a layi biyu, na aro batiri ko da za a ɗauke wuta. Na sayo sakata na kafa da kaina. Mai sa idon wata mata ce mai tabarau, ta sa na zagaya da kyamara ta ga ko'ina har ƙarƙashin gado, sannan ta ce in fara.

Abin da ban lissafa ba shi ne ruwan sama. Ya hana Umma zuwa kasuwa, ya hana ƙanwata fita, ƙarar kwano kuma ta hana Kaka barci. Ina kan tambaya ta bakwai sai na ji an turo ƙofa, ta ƙi buɗuwa. Kaka ce ta kawo mini shayi. Ta kira maigida, na yi shiru, don doka ta hana magana. Ta sake kira. Sannan ta kira ni da sunana na yanka, wanda ba ta kama shi sai abu ya ɓaci. Ina jin takun Umma, ina jin ƙanwata tana yi musu bayani irin na asibiti, wai saurayi ya ƙi zuwa aiki ba dalili, ya kulle ƙofa, ya kuma daina amsawa, alamomi uku ke nan, ko suma ya yi ko sugansa ne ya faɗi. Sai na yi wata dabara da nake nadamarta har yanzu: na yi tari mai ƙarfi don su san ina da rai. Ashe tarin nan shi ya tabbatar musu da cewa shaƙewa nake yi.

Mai sa ido ta rubuto tana tambaya ko akwai wani a wurin. Na rubuta mata cewa iyalina ne, a waje suke. Ta ce in ci gaba, kada in yi magana. Na ci gaba har na kai tambaya ta tara. A lokacin an riga an kira Kawu. Ina jin sa yana cewa kowa ya ja baya, shi ya kafa ƙofar nan, shi ya san inda take da rauni. Gaskiya ya faɗa, bugu biyu ya yi mata.

Kaka ce a gaba, Umma da kwanon ruwa, ƙanwata da na'urar awon jini, Kawu da guduma. Suka same ni zaune garau, ido a kan allo, har a lokacin ban juyo ba saboda doka. Umma ta riga ta ɗebo ruwan a hannu, don haka sai da ta watsa mini. Kaka kuwa da ta leƙo ta ga mace a allo, sai ta gyara mayafi ta gaishe ta gaisuwa cikakka, ta tambaye ta gajiya da mutanen gida, sannan ta sanar da ita cewa yaron nan ko karyawa bai yi ba. Matar ba ta jin Hausa, amma na ga kafaɗunta suna rawa don dariya. Ta ɗaga wa Kaka hannu, sannan ta tsayar da jarrabawar.

Ranar Alhamis saƙon makaranta ya iso. An soke wannan zaman saboda mutane sun shigo ɗaki. An ba ni dama ɗaya tak, ranar ashirin da biyu ga wata. In ban ci ba, ko aka sake sokewa, rangwamen ya tafi, kuma ba rangwame ba zan iya karatun nan ba.

A gida an mayar da abin wasa. Ƙanwata tana gaishe ni da ya jiki. Kawu ya ce zai mayar da ƙofa kyauta, amma ba sakata, umarnin Kaka ne. Ita kuma Kaka ta yanke hukunci cewa a zama na gaba za ta zauna kusa da ni da carbinta, don matar nan ta san ina da dangi. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. A bakin titi ya ji labarin wajen Kawu tun kafin ya shigo gida. Abin da ya ce kawai shi ne, ashe na girma har zan nemi makaranta ya ji a bakin surukinsa. Tun ranar gaisuwata a taƙaice yake amsawa, wannan kuma ya fi sokewar jarrabawar yi mini ciwo.

Na yi tunanin in rubuta a ofis a ɓoye, amma ina tsoron shugabana ya ɗauka shirin gudu nake yi. Na yi tunanin kama ɗakin otal, amma in za a yi haka a kowace jarrabawa har shekara biyu, arahar ta zama tsada. Na yi tunanin cin bashi in shiga makarantar farko, in huta da kyamara. Wani lokacin ma ina jin in haƙura da karatun gaba ɗaya.

Ga abubuwan da har yanzu ban sani ba. Ban sani ba ko a takardun makarantar an rubuta ni a matsayin wanda ya yi yunƙurin maguɗi. Ban san jarrabawa nawa irin wannan ke jirana ba in na shiga. Ban sani ba ko doka ta ce a kulle ƙofa ne ko a rufe kawai, don kalmar da suka yi amfani da ita tana ɗaukar duka biyun a fahimtata. Ban san yadda ake ce wa Kaka kada ta shigo ba. Ban kuma san ta inda zan fara da Baba ba.

Naki,
Mai ɗaki ba ƙofa

*

Wa alaikumus salam, ɗana mai ɗaki ba ƙofa.

Na karanta wasiƙarka a ofis, sai da abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko lafiya, saboda dariya. Ka yafe mini. Na san kai ba dariya kake yi ba, don haka mu shiga magana.

Ban san komai a injiniyanci ba, amma na san cinikin makaranta, kuma ka yi shi da kyau. Wanda ya gudu daga makarantar da ta taya shi murna kafin ta ga takardunsa ba sai an koya masa hattara ba. Kada ka ci bashi don makaranta mai tsada. Ba don ta fi koyarwa kake hararta ba, don ka kauce wa magana da mutanen gidanku ne, kuma wannan kuɗi ya yi yawa a kan hirar da za a gama kafin shayi ya huce. Kada kuma ka rubuta a ofis a ɓoye. Ɓoyo ɗaya ya ci maka ƙofa, na biyu yana iya ci maka aiki. In ka samu gurbin, ka je da kanka ka gaya wa shugabanka, ka tambaya ko kamfani yana tallafa wa masu ƙaro karatu. Ka ji da kunnenka yadda suka biya wata daga waje don ilimin da kake son kawo musu cikin gida.

Uku daga cikin abubuwan da ba ka sani ba, saƙo ɗaya zai amsa su. Ka rubuta wa makarantar yau, gajere, ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Ka tambaye su yadda suka rubuta sokewar, da yawan jarrabawar da ake sa wa ido a duk karatun, da ko dole ne a kulle ƙofa. Ka ƙara da biyu daga wajena: su ba ka jimillar duk abin da za ka biya a rubuce, su kuma gaya maka ko rangwamen na shekara ɗaya ne ko har ka gama. Sannan kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar hukumar da ke tantance takardun karatu a ƙasarku ta yarda da digirinsu. Ba na jin sun ɗauke ka maguɗi. Mai satar amsa ba ya gayyato kakarsa da mai guduma.

Yanzu gida. Ka ce fanninka shi ne haɗa injina da manhaja da mutane. To ka tanadi batiri, ka tanadi data layi biyu, ka tanadi sakata, sai ka bar mutum huɗu a waje ba bayani. Ka duba abin ta idonsu. A gidan da ba a taɓa kulle ƙofa ba, ɗansu ya kulle, an kira shi ya yi shiru, sannan ya yi tari. Da sun koma sun zauna suna shan shayi, da wasiƙar da za ka rubuto mini ta fi wannan ɗaci. Amma kai ma kana da gaskiyarka. Mutum yana da haƙƙin ya gwada abu ba tare da unguwa ta sa masa ido ba, kuma sa'o'i uku na shiru ba abu ne mai yawa da za a roƙa a gidan uba ba. Kuskurenka ɗaya ne: ka so ka ƙwaci shirun nan da sakata, alhali da ka roƙa da an ba ka.

Ka fara da Baba, yau ɗin nan, kada ka jira ya huce da kansa. Ba ƙofa ce ta ɓata masa rai ba, kuma ba karatun ba. Ka same shi shi kaɗai, ka zauna ƙasa, ka ba shi haƙuri ba tare da ka kawo hujja ba. Daga nan ka buɗe kwamfuta ka nuna masa makarantun biyu da dalilin da ya sa ka zaɓi ɗaya, ka tambaye shi yadda ya gani. Ko da bai san kan abin ba, zai san an tambaye shi. Ka kuma roƙe shi ya zama shi ne zai sanar da gida dokar ranar ashirin da biyu, ya ƙara da cewa maganar ta tsaya a cikin gida. Abin da ba za ka iya faɗa wa Kaka ba, ɗanta zai iya.

Ita kuwa Kaka, kada ka ce mata kada ta shigo. Tsohuwar da aka hana abu sai ta yi shi. Ka ba ta aiki. Ka sa mata kujera mai daɗi a bakin ƙofa ta waje, da carbinta, ka gaya mata matar nan ta allo ta ce ba wanda ya isa ya tsare ƙofar sai uwargidan ɗaki. Ina tabbatar maka ko mai karanta mitar wuta ba zai wuce ta ba. Ka karya kumallo a gabanta kafin ka shiga, don ka toshe wannan hanyar. Kawu ya mayar da ƙyaure, ya kuma ajiye guduma da zarto na wannan safiya, tunda shagonsa a jikin katanga yake. Kwana biyu kafin ranar ku yi gwaji: ka shiga ka rufe ƙofa na awa ɗaya kana bitar lissafi, kowa ya ga cewa ana iya yin shiru a fito da rai. In makarantar ta ce lallai sai an kulle, ka sa wa ƙofar makulli maimakon sakata, ka ba Umma na biyu, hankalinta ya kwanta. Ɗakin otal ka bar shi a matsayin mafita ta ƙarshe, na wannan zama ɗaya kawai, in gwajin ya ƙi.

Saura abin da ba ka sa a jerinka ba, wanda kuma shi ya sa ka sayi sakata: tsoron ka faɗi kowa ya sani. Yanzu kam kowa ya sani, sai ka sauke wannan kayan ka koma kan lissafinka. Mutumin da ya amsa tambaya biyu ana dukan ƙofarsa, ina kyautata masa zaton cin jarrabawa a ɗaki shiru. In kuma Allah ya ƙaddara ba a wannan karon ba ne, to za ka faɗi ne a gaban mutanen da suka ɓalle ƙyaure don su ga ko kana numfashi, kuma ba su ne za su bar ka a ƙasa ba.

Allah ya ba ka sa'a, ya sanyaya zuciyar Baba, ya ƙara wa Kaka lafiya. Ka gaishe mini da ita, gaisuwa cikakka.

Gwaggonka